Tarihin Tangaran Mai Hoton Birane da Zayyanar Tsakiyar Ƙarni na 20 a Ingila

A tsakiyar ƙasar Ingila, cikin lardin Staffordshire, akwai garuruwa shida da suke jere kusa da juna, su ne Tunstall da Burslem da Hanley da Stoke da Fenton da Longton, waɗanda hukuma ta haɗe wuri guda a shekara ta 1910 ta sa musu suna Stoke-on-Trent. Kuma duk wanda ya saba kifa farantin tangaran na Ingila ya duba hatimin da ke bayansa, da wuya a ce bai taɓa cin karo da sunan ɗaya daga cikinsu ba. Allah ya tara wa wannan yanki yumɓu da kwal a ƙasa ɗaya, saboda haka tun cikin ƙarni na 17 na Miladiyya manoman wurin suke gama noma da ginin tukwane, suna toya tuluna masu kauri da ake zuba man shanu a ciki a kai kasuwar Uttoxeter. Daga wannan ƙaramar sana'a ta ƙauye ne al'amarin da nake nufin bin tarihinsa ya tsiro, wato yadda hoton birni ya hau kan faranti da kofi, da yadda zayyanar shekarun 1950 ta zo ta sāke masa kama, har kayan da talaka ya saya da 'yan kwabbai don cin abinci suka zama abin nema a kasuwar gwanjo, abin killacewa a gidajen tarihi.

Mafari, 1710 zuwa 1791

Tangaran na ainihi, fari ƙal mai amo idan an ƙwanƙwasa shi, daga ƙasar Sin ya fito, kuma Turawa sun daɗe suna sayensa da tsada ba tare da sun san sirrin haɗinsa ba, sai a farkon ƙarni na 18 da aka gano shi a Jamus, aka kafa masana'antar Meissen a 1710. To amma wannan kaya ne na sarakuna da attajirai. Maginan Staffordshire wata hanya suka bi mai sauƙin kuɗi, suka riƙa kawo farin yumɓu daga kudu maso yammacin ƙasar suna gauraya shi da garin dutsen ƙyastu, suka samu kwano mai launin madara, marar nauyi, mai santsin da zai karɓi zane. Wanda ya kai wannan aiki matuƙa shi ne Josiah Wedgwood, haifaffen Burslem a 1730, wanda ya kafa nasa kamfani a 1759, ya yi wa Sarauniya Charlotte kayan shayi a 1765 har ta yarda a kira irin kwanon da sunan sarautarta, ya kuma tsaya tsayin daka wajen haƙa hanyar ruwa ta Trent da Mersey, wadda aka kammala a 1777, domin kafin ita a bayan dawaki ake ɗaukar tangaran bisa munanan hanyoyi, kuma fashewa takan cinye riba.

A 1773 ne Sarauniyar Rasha, Catherine, ta aiko wa Wedgwood da buƙatar da ta zama tushen wannan tarihi. Ta ce a yi mata kayan cin abinci na mutum hamsin, kowane ɗaya yana ɗauke da hoton wani wuri na hakika a Birtaniya, ko fada, ko lambu, ko kufai, ko gada, ko gefen wani gari. Aka yi kaya fiye da guda 900, aka zana musu wurare 1,222, duka da hannu, aka kuma sa wa kowanne hoton koren kwaɗo a gefe, domin fadar da za a kai su an gina ta ne a wata fadama mai kwaɗi kusa da birnin Petersburg. Kafin a ɗora su a jirgi a 1774 sai da Wedgwood ya baje su a Landan manya suka zo kallo, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa ribar kuɗi da ya samu kaɗan ce, sunan da ya yi shi ne babbar ribarsa. Mafi yawansu suna nan har yau a gidan tarihi na Hermitage.

Da a ce da alƙalamin mai zane kaɗai ake sa hoto a faranti, da wannan abu ya tsaya a fadar sarakuna. Abin da ya sauko da shi ƙasa shi ne hikimar ɗab'i. Ana ba da labari cewa wani mai buga takardu a Liverpool, John Sadler, ya ga yara suna manna tarkacen hotunan da ya zubar a jikin fasassun kwanuka suna wasa, daga nan tunanin ya zo masa. Wannan hikaya ce ta baka, kuma akwai shaidar cewa wani mai sassaƙa ɗan ƙasar Ailan, John Brooks, ya riga shi neman izinin mallakar dabarar tun 1751. Abin da yake a rubuce shi ne takardar rantsuwa da Sadler da abokin aikinsa Guy Green suka yi a 1756, inda suka tabbatar da cewa su biyu kaɗai sun buga hoto a kan tayil fiye da 1,200 cikin sa'a shida. Daga 1761 Wedgwood kansa ya riƙa aika musu da kwanukansa suna buga musu hoto.

Ga yadda aikin ya daidaita bayan wani magini, Josiah Spode, ya kyautata shi wajajen 1784. Mai sassaƙa zai ɗauki allon jan ƙarfe ya ƙwarzana hoton da tsinken ƙarfe, aikin da kan ci makonni. A shafa wa allon tawada mai ɗumi da aka haɗa da mai da garin ma'adinin kobalt, a goge samansa ta yadda sai wadda ta shige cikin tsagar za ta rage. A ɗora wata siririyar takarda mai damshi a matse, a ɓare ta ɗauke da hoton. Sannan mata su yanka ta, su manna a jikin kwanon da aka riga aka toya sau ɗaya, su murza da ƙarfi, su wanke takardar, a tsoma kwanon cikin ruwan ƙyalli, a sāke toyawa. Shuɗi ya rinjayi sauran launuka domin kobalt ne yake jure zafin wuta ba ya gushewa. A wannan shekara ta 1784 kuma gwamnati ta rage harajin ganyen shayi daga kashi 119 cikin ɗari zuwa kashi 12 da rabi, shan shayi ya game gidajen talakawa, kowa ya buƙaci kofi da buta. Sai ga shi a 1791 kamfanin Ingila mai fataucin Gabas ya daina shigo da tangaran na Sin da yawa. Kasuwa ta buɗe, dabara kuma tana hannu.

Ƙarni na 19: fatauci da yawon buɗe ido

Zane na farko da ya cika duniya ta wannan hanya hoton wani wuri ne da babu shi. Shi ne wanda ake kira Willow, mai gidan bene irin na Sin da gada da mutum uku a kanta da bishiya mai sunkuyen rassa da tsuntsaye biyu a sama, wanda ya bayyana wajajen 1790. Ana cewa wai tsohuwar ƙissa ce ta mutanen Sin game da 'yar wani hakimi da ta gudu da magatakardan ubanta, aka kashe su, suka rikiɗa suka zama kurciyoyi. Hakika kuwa a Ingila aka ƙago zanen, a Ingila kuma aka ƙaga masa ƙissar daga baya, har wata mujalla ta buga ta a 1849. Na kawo wannan ne don mai karatu ya lura tun da wuri cewa mai sayen faranti yakan so ya ga nesa a cikinsa, ko da nesan na ƙage ne.

Hoton birane na hakika kuwa fatauci da Amurka ne ya haɓaka shi. Da yaƙin da aka fara a 1812 tsakanin Ingila da Amurka ya ƙare a 1815, maginan Staffordshire suka ga sabuwar ƙasa mai alfahari da kanta wadda ba ta da masana'antun tangaran da za su ishe ta, sai suka sayi hotunan gine-ginenta suka sassaƙa. Enoch Wood na Burslem, da 'yan'uwa biyu James da Ralph Clews, da John da William Ridgway, suka cika jiragen ruwa da farantai masu shuɗi mai duhu, ɗauke da majalisun New York da Boston da Philadelphia, da asibitocinsu da kwalejojinsu, da saukar Janar Lafayette a New York a 1824, da buɗe hanyar ruwa ta Erie a 1825, har da hoton faɗan ruwa da Amurkawa suka ci Ingilishi. Mafi yawan waɗanda suka yi aikin ba su taɓa ƙetare teku ba. Waɗannan farantai su ne 'yan Amurka suka fara tarawa a ƙarshen ƙarnin, suna bin gidajen manoma suna saye, kuma a nan ne tara tangaran mai hoton gari ya zama fanni mai littattafai da masana.

A cikin gida kuwa jirgin ƙasa ne ya yi aikin. Da layin dogo ya kai garuruwan bakin teku, dokar 1871 kuma ta ba ma'aikata ranakun hutu, sai leburori da iyalansu suka fara fita yini ɗaya ko mako guda, kowa yana son ya koma da tsaraba mai sunan inda ya je. William Henry Goss, mai masana'anta a Stoke, tare da ɗansa Adolphus, suka fito a shekarun 1880 da 'yan ƙananan tuluna farare, kwaikwayon tsofaffin kayan da aka tono aka ajiye a gidajen tarihi, kowanne da tambarin wani gari a jikinsa. Dabararsu ita ce, da farko ba a sayar da tambarin gari sai a hannun wakili guda a cikin garin, saboda haka wanda yake son na York sai ya taka York. Da haka ɗan tulun ya zama shaidar tafiya, mata suka riƙa jera su a kan kanta a ɗakin baƙi, kamar yadda amarya a ƙasar Hausa take jera kwanuka da tasoshi, ba don a ci abinci a ciki ba, sai don baƙo ya gani ya san matsayin gidan. Yaƙin Duniya na Farko ya karya wannan kasuwa, iyalan Goss suka sayar da kamfanin a 1929.

Shekarun farin kwano, 1942 zuwa 1952

Tsakanin Yaƙoƙin Duniya biyu an samu mata biyu 'yan lardin, Clarice Cliff da Susie Cooper, da suka shigo da launuka masu haske har aka riƙa buga sunayensu a bayan kaya, an kuma samu Eric Ravilious, wanda ya zana wa Wedgwood jiragen ƙasa da na sama da na ruwa a 1938, amma bai ga an fitar da su kasuwa ba, domin ya ɓace a teku kusa da Aisland a 1942 yana aikin zanen yaƙi, kayan kuma ba su fito ba sai 1953.

Wanda bai san abin da ya faru a 1942 ba, ba zai fahimci ɗokin da ya biyo baya ba. A wannan shekara gwamnati ta hana sayar da tangaran mai ado a kasuwar cikin gida, domin ana buƙatar ma'aikata da kwal a fagen yaƙi, ba a yarda da kome ba sai farin kwano da farin kofi marasa ko ɗigon launi. Aka gama yaƙi a 1945 amma dokar ba ta tashi ba, saboda ƙasar tana cikin bashi, tana neman dalar Amurka ido rufe. Masana'antu suka ci gaba da yin kaya masu ado ana kai wa ƙetare, mutanen gida kuwa sai wanda ya samu aibi aka ƙi fita da shi suke samu. A 1946 aka yi baje koli a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, mutum fiye da miliyan ɗaya suka bi layi suka kalli kayan da mafi yawansu ba za su samu saye ba. Sai a 1952 aka ɗage hanin. Shekara goma cur ke nan, cikinsu an rushe gidaje da bama-bamai, an fasa kwanuka, an ɗaura aure ba adadi, kuma duk amaryar da ta tare a wannan tsakani da farin kwano ta tare.

Bikin 1951

Ana cikin wannan ƙunci gwamnati ta shirya babban biki a 1951, cikar shekara ɗari da baje kolin 1851, da niyyar faranta ran jama'a da nuna musu kamannin gobe. A filin da ke kudancin kogin Thames kaɗai, mutum kimanin miliyan takwas da rabi suka shiga tsakanin watan Mayu da Satumba. Abubuwa biyu daga cikin bikin sun shafi zancenmu.

Na farko al'amari ne mai ban mamaki wanda ya haɗa ilmin kimiyya da sana'ar ado. Wata malama a Cambridge, Dakta Helen Megaw, masaniyar yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin ma'adinai, ta daɗe tana ganin cewa taswirorin da masana suke fitarwa suna da kyaun da ya cancanci a sa su a labule da yadi. Aka karɓi shawararta, aka tara kamfanoni 28, aka ba su taswirorin tsarin abubuwa irin su sinadarin insulin da jan sinadarin jini da wasu duwatsu, suka mayar da su zane a kan yadi da takardar bango da gilashi da faranti. Wanda ya yi tadabburi zai ga cewa abin da masu zayyana suka kwaikwaya a nan tsari ne da Mahalicci ya ɓoye cikin halittarSa, ido bai taɓa ganinsa ba sai a ƙarni na 20. Kasuwar kayan ba ta yi nisa ba, amma ɗige-ɗige da ƙwallaye da siraran layuka masu haɗa su sun zauna a idon masu zane har ƙarshen shekarun 1950.

Na biyu shi ne yadin labule mai suna Calyx, aikin Lucienne Day, wanda aka rataya a wani ɗaki da mijinta Robin Day ya tsara. Furanni ne, amma an tuɓe musu ganye da ƙawa, an bar su kamar ƙoƙuna a kan siraran karare, wasu a kife wasu a buɗe, cikin rawaya da ja da baƙi bisa launin ƙasa. Ita kanta ta ba da labari cewa kantin Heal's da ya buga shi rabin lada ya biya ta da farko, don ba a zaci zai sayu ba. Ya ci lambar zinariya a Milan a wannan shekara, ya ci wata lamba a Amurka a 1952, ya kuma daɗe ana sayensa. A ganina daga wannan yadi ne ya kamata a fara ƙirga sabon zamanin, domin shi ya tabbatar wa masu kamfanoni cewa jama'a za su sa kuɗinsu a zanen da bai yi kama da na kakanninsu ba.

Midwinter da Homemaker, 1953 zuwa 1970

A Burslem akwai wani matsakaicin kamfani da W. R. Midwinter ya kafa a 1910. Ɗansa Roy ya tafi Kanada da Amurka talla a 1952, kuma ana cewa wani babban mai sayen kaya na wani kanti a Kanada ya dubi samfurin da ya kawo, masu furen wardi irin na da, ya faɗa masa magana mai zafi, ya ce ya tafi gaɓar yammacin Amurka ya ga abin da ake yi. Wannan zance ne da ake ruwaitowa. Abin da ya tabbata shi ne ya ga ayyukan masu zayyana Eva Zeisel da Russel Wright, ya komo gida, cikin 1953 ya fitar da sabon fasali mai suna Stylecraft, farantai masu kusurwa huɗu marasa tsini, sannan a 1955 ya biyo da Fashion, wanda ba shi da baki ko kaɗan, faɗinsa duka fili ne na mai zane. Ya dace da lokaci, domin a 1953 gwamnati ta kai ga gina gidaje 300,000 a shekara, a 1954 aka daina rabon abinci da kati, kuma sababbin ma'aurata masu ƙananan ɗakuna suna neman kayan da za su shiga 'yar kanta su kuma faranta ido.

Wadda ta ɗauki nauyin mafi yawan zanen ita ce Jessie Tait, haifaffiyar Stoke a 1928, wadda ta yi karatu a makarantar zane ta Burslem ta shiga kamfanin a 1946. Ita ta zana Primavera da Festival, ta kuma zana Zambesi a 1956, ratsin baƙi da fari da ɗan ja a hannun kofi, wanda aka ara masa sunan kogin nan na kudancin Afirka ko da yake ba daga wata sana'a ta mutanen wurin aka ɗauko shi ba. Ya yi farin jini har wasu kamfanoni suka yi ta kwaikwayonsa. Roy ya kuma ɗauko wani saurayi, Terence Conran, wanda daga baya ya buɗe kantin Habitat a 1964.

Amma game da hoton gari, aikin da ya fi muhimmanci shi ne na Hugh Casson, wanda shi ne shugaban masu tsara gine-ginen bikin 1951. A 1954 Midwinter ya fitar da zanensa mai suna Riviera, aka sāke shi a 1960 da sunan Cannes: tashar kwale-kwale a kudancin Faransa, rumfunan shan gahawa, tagogi masu marfin katako, mutane suna zaune a inuwa, duka da layin alƙalami mai sauri kamar na matafiyi da ya tsaya ya zana a littafin aljihu. Kamfanin Alfred Meakin da wasunsa suka biyo da titunan Paris. To, a nan ma'anar abin ta juya. Mai ɗan tulun Goss ya je garin ne ya dawo da shaida. Mafi yawan masu sayen Riviera kuwa ba su taɓa taka Faransa ba, ko kuwa sun taka ta ne da bindiga a kafaɗa. Gwamnati ta ƙayyade kuɗin da mutum zai fita da su waje, tafiyar hutu a jirgin sama da kamfanin Horizon ya fara a 1950 ba ta riga ta zama ta kowa ba, saboda haka matar da take zuba dankali cikin wannan faranti a gari mai hayaƙi da ruwan sama, burinta take kallo. Ina ganin wannan shi ya sa zanen bai tsufa ba, domin mai zanen ya bar hoton a buɗe, bai cika shi da bayani ba, ya bar wa mai kallo wurin da zai sa kansa.

Ba Ingila kaɗai ba ce a wannan fage. A California kamfanin Vernon Kilns ya buga farantan tsaraba masu hoton birane da jihohi har ya rufe a 1958. A Milan Piero Fornasetti ya cika farantai da gine-gine. A Suwidin Stig Lindberg ya yi koren ganyensa mai suna Berså. Masaƙan Ailan kuma suka buga hotunan garuruwa a kan tawul ɗin goge kwano na lilin, tsarabar da ta fi kowace araha.

Sai dai a Ingila wanda ya fi shiga gidaje, ya kuma fi zama alamar zamanin, shi ne Homemaker. Wata budurwa mai suna Enid Seeney ta zana shi a kamfanin Ridgway, mai ɗauke da sunan zuriyar nan da ta yi wa Amurka farantai, aka fara sayar da shi a kantunan Woolworths a 1957. Baƙi ne da fari, an watsa hotunan kayan ɗaki na zamani bisa siraran layuka: kujerar Robin Day, da doguwar kujera, da tebur mai siffar ƙoda, da fitila, da tukunyar fure, da wuƙa da cokali. An buga shi da sabon inji mai suna Murray Curvex, wanda yake ɗauko tawada daga allon ƙarfe da wani curi mai laushi ya danna cikin kwano, ya game shi da zane har gefe a bugu ɗaya, ba takarda ba mai mannawa. Wannan ya sa ya yi araha, kuma ɗaiɗai ake sayar da shi, mace ta sayi faranti biyu wannan mako ta ƙara kofi mako mai zuwa. Talakan da ba shi da kuɗin kujerar ya samu hotonta. An yi ta yinsa har 1970. Ita kuwa mai zanen ta bar aiki ta yi aure ta koma Devon, sunanta ba ya bayan farantin, kuma an ruwaito cewa a tagar kanti ta fara ganin irin karɓuwar da ya samu. Haka ɗaruruwan mata masu cika launi da hannu, waɗanda ake biya gwargwadon yawan abin da suka gama, ba a rubuta sunan kowa ba.

Faɗuwar masana'antu da tashin masu tarawa

Dokar tsabtace iska ta 1956 ta kashe tsofaffin matoya masu siffar kwalba, waɗanda hayaƙinsu ya baƙanta garuruwan shida ya kuma cuci huhun mazaunansu. Daga kimanin dubu biyu, 47 suka rage a tsaye. Wannan alheri ne. Abin da ya biyo baya shi ne mai ciwo. Midwinter ya haɗe da J. & G. Meakin a 1968, Wedgwood ya haɗiye su duka a 1970, aka rufe masana'antar Midwinter a 1987. Mutane suka daina sayen cikakken jerin kayan shayi, kayan Gabas masu araha suka cika kasuwa, manyan kamfanoni suka kai aikinsu Asiya, dubban ma'aikata suka zauna. A ƙarshen 2008 kamfanin Spode ya durƙushe, kantunan Woolworths na Ingila suka rufe, a Janairun 2009 Wedgwood kansa ya faɗa hannun masu bin bashi, kuma tun 2015 wani kamfanin ƙasar Finlan, Fiskars, shi ke da shi.

A daidai lokacin da masana'antun suke mutuwa ne kayansu suka fara daraja. 'Ya'yan da suka girma suna cin abinci a cikinsu suka gan su a kasuwar tsofaffin kaya suka tuna iyayensu; wata marubuciya 'yar Amurka, Cara Greenberg, ta fitar da littafi a 1984 wanda ya yaɗa sunan da ake kiran salon da shi yau, wato zayyanar tsakiyar ƙarni; Lesley Jackson ta shirya nunin zayyanar shekarun 1950 a Manchester a 1991; sannan intanet ta zo ta haɗa mai nema da mai sayarwa. Ƙa'idar masu tarawa a fili take: farantin Homemaker da aka buga da yawa ba shi da tsada, butar shayi da sauran kayan da aka yi kaɗan ko suka fi saurin fashewa su ake rububi, kuma hatimin baya shi ne isnadin da ake dubawa kafin a yi ciniki. Sababbin kamfanoni, irin na Emma Bridgewater da aka kafa a 1985 yake kuma aiki a Hanley, suna ta yin kofuna masu hoton birane, masana'antar Middleport a Burslem kuma, wadda aka ceto a 2011, tana nan tana buga zane da jan ƙarfe da siririyar takarda.

Babban abin da masu tarawa da masu bincike suka yi, wanda ya fi hauhawar farashi amfani, shi ne tono sunayen masu aikin da mayar wa kowa haƙƙinsa, tun suna raye. Jessie Tait da Lucienne Day sun mutu a wata ɗaya, Janairun 2010, Enid Seeney ta bi su a 2011, kuma ayyukan su ukun suna cikin taskar gidan tarihi na Victoria da Albert, kowanne da sunan mai shi a rubuce.